Agogon kwamfutata kullum sai ya koma baya: mene ne matsalar, kuma yaya zan gyara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a Katsina. Kwamfutar tebur da nake aiki da ita, kullum da safe in na kunna sai in tarar ta koma 1 ga Janairu, 2013, ƙarfe 12 na dare. In na gyara da hannu sai ta yini lafiya lau, washegari kuma a koma gidan jiya. Kafin in gyara kuwa ko imel ba ya buɗuwa, sai burauza ta ce wai agogona yana baya. Sannan akwai laftof 'yar Landan da na saya a watan Yuni. Ita kwanan watanta daidai yake, amma tun ƙarshen Oktoba take baya da awa ɗaya cif, in na gyara sai ta sake komawa da zarar na hau intanet. Wani ya ce mini bairos ne, in kai a yi fomatin. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam Malam. Da farko dai, kada ka yi fomatin. Za ka kashe kuɗi, ka ɓata yini guda wajen mayar da manhajojinka, wataƙila ma ka yi asarar takardun mutane, sannan da safe ka sake tarar da 2013 tana jiranka. Kwamfutocinka biyu alamarsu ta yi kama, amma cutarsu daban ce. Ta teburin tana manta lokaci idan an kashe wuta. Laftof ɗin kuwa ba ta manta komai ba, tana ba ka lokacin wani gari ne daban. Idan aka kawo mini kwamfuta da wannan ƙorafi, kafin in ɗauki sukundireba abu biyu nake tambaya: nawa ne kuskuren, kuma yaushe yake faruwa. Amsar waɗannan biyun ita ke nuna inda za a taɓa.

Agogo biyu ne, ba ɗaya ba

A jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod ko bod a taƙaice, akwai wani ɗan agogo da ba ya barci. Shi ne RTC. Tun a 1984 kamfanin IBM ya saka irinsa a kwamfutarsa samfurin AT, kuma har gobe tsarin bai canza sosai ba. Yana ƙirga lokaci ne da wani ɗan mitsitsin dutse da ake ce wa kiristal, mai kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir. Idan ka kashe kwamfuta ka tafi gida, abin da ke riƙe da wannan agogo shi ne wani batir mai kama da kwabo, fari sol, an rubuta CR2032 a bayansa. Lambar ma girmansa take faɗa: faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Ƙarfinsa volt 3. Shi ake kira batirin CMOS.

Agogo na biyu na Windows ne. Idan kwamfuta ta tashi, Windows yana leƙa agogon bod ya karanta lokaci, daga nan ya ci gaba da ƙirgawa da kansa. Lokaci zuwa lokaci kuma yana tuntuɓar wata saba, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima a intanet, galibi time.windows.com, ya daidaita kansa. A cikinsa Windows yana lissafi ne da lokacin duniya na bai ɗaya, wato UTC, sai ya ƙara ko ya rage awoyi gwargwadon shiyyar lokacin da aka zaɓa masa, sannan ya nuna maka a kusurwar sikirin.

Ke nan wurare uku ne abin zai iya lalacewa: agogon bod da batirinsa, shiyyar lokaci, ko daidaitawa da intanet. Kowanne kuma irin kuskurensa daban. Idan agogo ya koma shekaru baya, 1 ga Janairu, ƙarfe 12 na dare, batir ne. Idan mintoci daidai suke amma awa ce ta kauce, awa ɗaya ko takwas ko tara cif-cif, shiyya ce. Idan awa 12 ce daidai, wani ne ya saka safe a maimakon yamma. Idan kuwa mintoci ne ke zamewa sannu a hankali cikin makonni, daidaitawa ce ta tsaya.

Kwamfutar teburin

Dalilin da ya sa take yini lafiya shi ne, muddin tana kunne wutar soket ce ke ciyar da agogon, batirin bai da aiki. Ko a kashe take, in fuloginta na jikin bango kuma akwai wuta, akwatin wutar kwamfutar yana ci gaba da sakin volt 5 zuwa bod, agogon yana sha daga nan. Batirin kwabon yana karɓar aiki ne kawai idan wuta ta yanke gaba ɗaya. Kai kuma da ka tashi daga shago kana kashe janareta ko soket, ga ɗauke wuta da ba ta da lokaci. Shi ya sa batirin da a wata ƙasa zai yi shekara bakwai ko fiye, a wurinmu ba ya kaiwa. Lissafin ma mai sauƙi ne: batirin yana ɗauke da kusan 220 mAh, agogon kuma yana jan abin da bai wuce 'yan maikro'amfiya ba. A ɗauka shida ne. Ka raba, za ka samu awa dubu 36 da ɗoriya, wato shekara huɗu da 'yan watanni in batirin kaɗai ke aiki. Ƙara da zafin bazara, da kuma watannin da kwamfutar gwanjo ta yi a ajiye a sito da cikin kwantena kafin ta iso hannunka. Ita 2013 ɗin da kake gani ba wani abu ba ce, ranar da aka rubuta wa BIOS, wato tsarin da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta kafin Windows, ya fara ƙirga daga ita ce in ya manta komai, galibi kusa da shekarar da aka ƙera bod ɗin.

Kafin ka sayi komai, gwada ka tabbatar. Kunna kwamfutar ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS tun kafin tambarin Windows ya fito. A Dell da Acer F2 ne, a HP F10, a ThinkPad F1, a yawancin kwamfutocin tebur da aka harhaɗa kuma Delete. Nemi inda aka rubuta Date da Time, gyara su, ka adana da F10. Kashe ta, zare fulogi, danne maɓallin kunnawa na sakan 15 don ragowar wutar da ke bod ta zube, ka bar ta minti 20. Mayar da fulogi ka sake shiga BIOS kai tsaye, kada ka bari Windows ya tashi. In lokacin ya goge, magana ta ƙare. In bai goge ba amma ya tsaya cak a daidai lokacin da ka zare wuta, ko ya ja baya da mintoci, batirin yana gab da mutuwa ne: yana iya riƙe lambobin, amma ba ya iya kaɗa kiristal ɗin yadda ya kamata.

Sau da yawa kwamfutar da kanta tana faɗa, mu ne muke danna F1 mu wuce ba mu karanta ba. Baƙin sikirin da ke fitowa da safe yakan ce "CMOS checksum error" ko "CMOS battery failure". Dell kan rubuta "Time-of-day not set", HP ta nuna lamba 502, ThinkPad kuma 0271. Duk abu ɗaya suke nufi.

Yadda za ka canza batirin

Tun kafin ka buɗe, shiga BIOS ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, musamman shafin da ke nuna SATA da jerin Boot. Zan faɗi amfaninsa a gaba. Sannan ka kashe, ka zare fulogi, ka danne maɓallin kunnawa. Kwance kusoshi biyu na baya ko ka ja marfin gefe, gwargwadon irin akwatin. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka kai hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar da ke yin ƙyas in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan ƙyas ɗin ya isa ya kashe wani abu a bod.

Batirin yana kwance a cikin wani baƙin gurbi na roba, a ƙananan akwatuna yakan ɓuya ƙarƙashin hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, ko na'urar faifai, sai an ɗaga su. A gefen gurbin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke riƙe da shi. Tura harshen waje da farce, batirin zai yi tsalle ya ɗago da kansa. Kada ka sa sukundireba ka banƙare shi. Gurbin roba ne da ya sha zafi shekara goma, yana tsagewa, in kuma bakin ƙarfen ya zame ya karce bod, aikin minti biyar ya zama na mai gyara.

In kana da mitar auna wuta, sa ta a DC 20, jan tsinke a saman batirin inda alamar + take, baƙin a ƙasa. Sabo yana nuna 3.2 zuwa 3.3. Ni duk wanda ya sauka ƙasa da 2.9 canza shi nake yi, domin mita ba ta jan wuta, batir mai rauni yana iya nuna lamba mai kyau a kanta amma ya durƙushe da an ɗora masa aiki. Auna sabon ma kafin ka saka. Akwai jabu a kasuwa, akwai kuma na gaske da ya daɗe a rana a kan tebur. Nemi wanda ke cikin kwalinsa a rufe, mai ɗauke da ranar ƙarewar aiki, na sanannen kamfani irin Panasonic, Maxell ko Energizer. Ba sai ka je shagon kwamfuta ba, masu gyaran agogo da masu sayar da batirin rimot ɗin mota suna da shi. Lura da lambar da kyau: CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi amma sun fi siriri, za su zauna sako-sako. LIR2032 kuma na caji ne mai volt 3.6, ba nasa ba ne.

Duba gurbin kafin ka saka. In ka ga kore-kore ko farin gari a ƙarafan, goge da auduga da ɗan sifirit ka bar shi ya bushe. Wasu sababbin batura suna zuwa da 'yar sitika a ƙasa, ɓare ta. Riƙe shi ta gefe, fuskar da ke da rubutu da alamar + tana kallon sama, sa gefe ɗaya ƙarƙashin haƙoran gurbin, danna ɗayan har ka ji ƙas. Tsohon kuma kada ka ajiye shi a kan tebur. Shago ne, yara na shigowa, kuma wannan batir in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Naɗe shi da selotef ka kawar. In tsautsayi ya sa an haɗiye, asibiti ne nan take, ba a jira a ga alama.

Yanzu kunna, shiga BIOS, saka kwanan wata da lokaci, ka kwatanta sauran saitin da hotunan da ka ɗauka. A nan ne mutane ke firgita. Cire batir yakan mayar da BIOS saitinsa na asali, in kuma SATA ya sauya daga AHCI zuwa RAID ko IDE, ko akasin haka, Windows zai tashi da shuɗin sikirin mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Hadis ɗinka lafiyarsa ƙalau, mayar da saitin yadda yake kawai. Haka in ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, jerin Boot ne ya hautsine, ko an sauya tsakanin UEFI da Legacy. Wanda kuma hadis ɗinsa ke kulle da BitLocker, ya nemo makullin ceto mai lamba 48 ya rubuta a takarda kafin ya taɓa batir, don tana iya tambaya.

Laftof ɗin: lokacin Landan take ba ka

Wannan ita ce ta fi ban sha'awa, domin watannin da ka ambata sun riga sun ba da amsa. Najeriya tana kan UTC+1 duk shekara, ba ma matsar da agogo. Ingila kuwa tana kan UTC da hunturu, sannan daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai su tura agogonsu gaba da awa ɗaya, ya zo daidai da namu. Ka saye ta a Yuni, lokacin Landan da na Katsina ɗaya ne, ba ka ga komai ba. Da Oktoba ta ƙare Ingila ta ja agogonta baya, laftof ɗinka ta bi ta. In ka ƙyale ta, a ƙarshen Maris za ta "warke" da kanta, ta sake kwanciya a Oktoba.

Gyaran da kake yi da hannu kuwa ba zai taɓa zama ba. Kana cewa ƙarfe 10 ne, ita tana fahimtar ƙarfe 10 a Landan. Da ta hau intanet sai sabar ta gaya mata a Landan ƙarfe 9 ne, ta gyara "kuskurenka". Ba ta yi laifi ba.

Shiga Settings, sai Time & language, sai Date & time. Kashe "Set time zone automatically". A jerin shiyyoyi zaɓi UTC+01:00 West Central Africa. Bar "Set time automatically" a kunne, ka danna "Sync now". Shi ke nan. In Windows 7 ne, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta timedate.cpl, za ka ga wurin canza shiyya. Mai son tabbatarwa ya buɗe Command Prompt ya rubuta tzutil /g, ya kamata ta amsa da W. Central Africa Standard Time.

Akwai tarko a wannan jeri. UTC+01:00 ya fito sau da yawa: akwai na Amsterdam da Berlin, akwai na Brussels da Paris. Mutum ya ga +1 ya danna na farko. Waɗannan duk suna matsar da agogo, don haka za su yi daidai da hunturu, daga ƙarshen Maris kuma su wuce ka da awa ɗaya. West Central Africa ita ce ta Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Wanda ke Ghana ya zaɓi UTC+00:00 Monrovia, Reykjavik, ba ta Landan ba, saboda wannan dalilin dai. Sudan tana kan UTC+2 tun Nuwamban 2017 da ta bar UTC+3, kuma tsohon Windows da ba a sabunta ba bai san da wannan canji ba.

Girman tazarar ma yana faɗin inda kwamfuta ta fito. Baya da awa tara, ko takwas daga Maris zuwa farkon Nuwamba, shiyyar yammacin Amurka ce, wadda Windows ke zuwa da ita in wanda ya yi fomatin ya yi ta danna Next bai duba ba. Wannan ita na fi gani. Gaba da awa biyu Saudiyya, uku Dubai, bakwai Sin. Dalilin da na ce ka kashe zaɓen shiyya na kai-tsaye shi ne, hasashen wuri yake yi, kuma yana kuskure, musamman a kwamfutar da ba ta da komai sai kebul ɗin intanet ko mai amfani da VPN. Kwamfutar da ba ta barin gari ba ta da buƙatarsa.

Wani lokaci ma agogon lafiyarsa lau, rubutun ne ya rikita mutum. Tsarin Amurka yana fara kawo wata kafin rana, sai 4 ga Maris ta fito 3/4, ka karanta 3 ga Afrilu. Laftof da aka sayo daga Saudiyya kuma tana iya nuna shekarar Hijira. Waɗannan a Region ake gyara su, a zaɓi Ingilishin Najeriya ko na Ingila.

Idan daidaitawa da intanet ta ƙi

Babu kiristal da yake cif-cif. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan abu ne da aka saba, wato kusan sakan biyu a rana, abin da bai kai minti ɗaya ba a wata. Zafi da sanyi na ƙara shi. Kwamfutar da ba ta hawa intanet in ta zame da mintoci kaɗan a shekara, wannan ba cuta ba ce. Wadda ke kan intanet kullum amma tana zamewa, hidimar Windows Time ce ta tsaya.

Abu na farko da ya kamata ka sani: a kwamfutar gida ko shago, wannan hidima ba ta yarda ta yi tsallen da ya wuce sakan 54,000, wato awa 15. In agogonka yana 2013, tana iya ƙin gyarawa ta ce canjin ya yi yawa. Saka kwanan wata da hannu tukuna, ka kusanto da lokacin, sannan ka danna "Sync now".

In har yanzu ta ƙi, danna Windows da R, rubuta services.msc, nemo Windows Time, ka tabbatar ba a kan Disabled take ba. Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima don "ya yi sauri" sau da yawa an kashe masa ita. Sa ta a Automatic ka danna Start. In ta lalace ne, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter: net stop w32time, sai w32tm /unregister, sai w32tm /register, sai net start w32time, sai w32tm /resync. Bayan haka w32tm /query /status zai nuna maka inda take samun lokaci da ranar da ta yi daidaitawar ƙarshe. In a gaban Source ka ga "Local CMOS Clock", har yanzu ba ta kai ga intanet ba. Canza sabar zuwa pool.ntp.org a shafin Internet Time da ke cikin timedate.cpl. In ita ma ta ƙi, haɗa kwamfutar da hotspot ɗin wayarka ka gwada. Daidaita lokaci yana bi ta ƙofa mai lamba 123 ta UDP, wasu rauta da manhajojin tsaro kuma suna toshe ta. In ya yi a hotspot, matsalar a layinka take.

Kwamfutar ofis da ke ƙarƙashin domen, wato tsarin da saba ɗaya ke kula da duk kwamfutocin ofis, ita kuwa daga sabar ofishin take karɓar lokaci, ba daga intanet ba. In duk kwamfutocin ofis sun kauce da mintoci iri ɗaya, sabar za a gyara. Tazarar da ta wuce minti biyar tana iya hana mutum shiga da faswod ɗinsa ko da daidai ya rubuta.

Wasu dalilai da ba su shafe ka ba, amma suna shafar wasu

Mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya zai ga duk lokacin da ya dawo daga Linux, Windows yana baya da awa ɗaya. Linux yana rubuta UTC a agogon bod, Windows kuma yana karanta shi a matsayin lokacin gari. A Linux a rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ko a Windows a ƙara RealTimeIsUniversal mai daraja 1 a rajista, wato rumbun saitin Windows, ƙarƙashin TimeZoneInformation. Ɗaya za a yi, ba duka ba. Na Ghana ba su san wannan ciwon ba, lokacinsu UTC ne dama.

Laftof mai goge kwanan wata kamar ta teburinka, ita ma batir ne, amma aikin ya fi wuya. Yawanci batirin kwabon a naɗe yake cikin baƙar ko rawayar roba, da waya biyu ja da baƙa da ɗan fulogi, wani lokaci a ƙarƙashin kibod ko a bayan bod. A sayi mai wayarsa a haɗe, mai irin fuloginsa. Kada a ɗora dalma kai tsaye a jikin batirin litiyam, yana iya fashewa. In an ga ML1220 ko wata lamba mai farawa da ML, na caji ne, ba a musanya shi da CR. Wasu siraran laftof na zamani kuma ba su da batirin kwabo sam, babban batirin ne ke riƙe agogo. Irinsu in babban batirin ya mutu ko an cire shi ana aiki da caja kawai, kullum sai agogo ya goge, kuma babu magani sai sabon babban batir.

Sai agogon da ke tsalle kwamfuta tana kunne, yau ya tafi gaba da kwanaki, an jima ya dawo. Batirin CMOS ba ya yin haka. Buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, nemi abin da ya fito daga Kernel-General mai lamba 1. Yana rubuta lokacin da aka canza agogo, daga me zuwa me, a sababbin Windows har da sunan manhajar da ta yi. A nan ake kama manhajojin sata da ke ja da kwanan wata baya don kada wa'adinsu ya ƙare, a nan kuma ake gane cewa yaron shago ne ke canzawa don wasan gem. Akwai kuma wani tsari da Microsoft ta saka a Windows 10 tun 2015 mai suna Secure Time Seeding, wanda ke hasashen lokaci daga bayanan shafuka masu tsaro, an kuma san shi da yin irin wannan tsalle a wasu na'urori. Ana kashe shi ta hanyar mayar da UtilizeSslTimeData zuwa 0 a rajista, amma wanda bai saba da rajista ba ya bar wa wanda ya saba. Bairos yana iya taɓa agogo, sai dai shi ne na ƙarshe a jerin abin da nake zargi, kuma ba ya iya goge lokaci a cikin BIOS kwamfuta tana kashe.

Maganar imel ɗinka kuwa, kowane shafi mai makulli yana da satifiket mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza tana kwatanta su da agogonka. In kana 2013, satifiket ɗin bana a wurinta bai ma fara aiki ba, sai ta rufe ƙofa ta nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Da agogo ya gyaru wannan zai tafi. Abin da ba zai gyaru da kansa ba shi ne duk takardar da ka adana ko rasit da ka buga kafin ka gyara agogo da safe, suna ɗauke da 2013. In ka jera fayiloli bisa kwanan wata, irin waɗannan can ƙasa za ka same su.

Inda gyaran gida ya tsaya

In ka saka sabon batir da ka auna, ka goge gurbin, ka maimaita gwajin zare fulogi, amma lokaci ya sake gogewa, saura abu ɗaya da za ka iya dubawa da kanka. Kusa da batirin akwai wasu ƙananan tsinkaye biyu ko uku da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 a gefensu. In masu uku ne, 'yar hular robar ta zauna a kan na 1 da na 2. In masu biyu ne, a bar su ba hula. Sabunta BIOS daga shafin kamfanin ma yana magance wasu, amma kada a fara shi sai da inbata ko UPS mai cikakken caji, domin in wuta ta yanke a tsakiya bod ɗin ba zai ƙara tashi ba.

Abin da ya wuce nan aikin mai mita da na'urar hura iska mai zafi ne, ba a gano shi daga nesa. Tsakanin batirin da agogon akwai ɗan resisto da dayod mai ƙafa uku da ke zaɓar wutar da za a sha, ta soket ko ta batir. In dayod ɗin ya mutu, volt 3 ɗin ba ya isa inda ake buƙatarsa. In wani ɗan kafasito yana yoyo, sabon batir zai ƙare cikin mako biyu ko wata guda, kuma wannan ita ce alamarsa. In kiristal ne, lokaci ba ya gogewa amma yana tsayawa, ko ya zame da mintoci da yawa a rana ɗaya. Ka gaya wa mai gyaran ya auna wutar a ƙafar dayod ɗin da fulogi a zare, ya kamata ya samu kusan volt 2.8 zuwa 3. A bod na 2013, ka tambayi kuɗin aikin tukuna ka kwatanta da kuɗin wani bod ɗin na gwanjo irinsa, sau da yawa musanyawa ta fi arha.